Tantin da Bahedi Ya Kafa wa Surukarsa

Duk garin Tamanrasat da ke tsakiyar hamada babu wanda bai san Bahedi ya zauna a Aljas ba, domin shi da bakinsa ya bi gida-gida ya sanar. Shekara uku ya yi can yana ɗaga sandar ƙofar wani kamfani in mota za ta shiga, ya sauke in ta wuce, amma in ka ji shi a wurin shayi sai ka rantse shi ya haƙa tekun da ke gaban birnin. Ba a taɓa kawo zancen da bai fi kowa sani ba. Ko raƙumi aka ce yana ɗingishi, sai ya ce a Aljas ba haka ake ɗingishi ba.

Abu ɗaya ne bakin nan bai samo masa ba. Shekara biyu da aurensa da Tekna, har yanzu tana gidan uwarta Shennu, kamar yadda mu mutanen hamada muka gada: mace ba ta tashi zuwa wurin miji sai uwarta ta ce ta tashi. Ga shi kamfanin ya aiko ya koma bakin aiki, har da ɗaki biyu a kan bene, shi kuwa ba ya son tafiya ba matarsa. Yana sonta ƙwarai, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Shennu ta ce za ta ba da amsa in an hau duwatsun Atakor, inda dangi ke zuwa da motoci kowace shekara a tsakiyar ɗari, su kwana biyu wurin masu kiwon awakinta.

Ba ita ta gaya masa ba, tunda suruki da suruka ba sa haɗa ido balle magana. Tanna maƙeriya ce ke kai saƙo tsakaninsu, matar da ke yi wa gidan aikin fata. Al'ada ta ba maƙera izinin faɗa wa kowa abin da suka ga dama, Tanna kuwa ba ta taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba.

Tekna ta ja mijinta gefe ta ce, "Bahedi, Inna ta riga ta karkata. Jiya na ji tana tambaya ko ana samun gero a Aljas. Abu ɗaya nake roƙonka. Kwana biyun nan ka tuƙa mota, ka sha shayi, ka bar komai yadda aka saba."

"Yadda aka saba?" in ji shi. "Sai ka ce wanda bai je ko'ina ba?"

Da yamma ya kira Tanna ya ba ta saƙo: a gaya wa surukarsa bana kada mace ko ɗaya ta ɗauki tantin fata, shi zai kawo masauki da shimfiɗa, shi zai kafa da hannunsa.

Tanna ta dube shi daga rawani har takalmi. "Kai ɗin? Ɗan gidanmu, tun kakanni tanti na mata ne, mu ke jeme shi, mu ke ɗinka shi, mu ke kafa shi. Namiji abin da ya sani game da tanti shi ne ya sunkuya ya shiga."

"Wannan tantin akuya kike faɗa. Nawa na zamani ne, da takarda ake kafa shi."

"To Allah ya kai mu, mu ga takarda."

Ta kai saƙo, ta dawo da amsa gajeriya. Shennu ta ce ta ji, kuma za ta bar tantinta a gida tunda namiji ya yi magana.

Washegari ya tafi shagon Si Mabruk, Balaraben da ke sayar wa direbobin hamada kayan tafiya. Dattijon ya tambayi inda za a da yawan mutane, sannan ya jawo wani gajeren tanti mai kauri da dardumar ulu.

"Ɗauki irin wannan guda biyu, da darduma huɗu. A kan dutse ƙarami ake so, numfashin mutanen ciki shi ke ɗumama shi. Ka fi kula da abin da ke ƙarƙashin mutum, sanyin can ta ƙasa yake kamu."

Bahedi ya ɗaga tantin da yatsa biyu. "Surukar tawa zan cusa a akurkin kaji? Wancan fa, na bayan ƙofa?"

"Wancan na ma'aikatan haƙar mai ne, a ciki suke cin abinci. Mutum talatin yake ɗauka. Shekara huɗu yana nan ba wanda ya taya."

"Ba su san daraja ba ne. Tanti shi ne wanda mutum zai miƙe tsaye da rawaninsa, ya yi tafiya a ciki har ya gaji. Sauko da shi."

Sai idonsa ya faɗa kan katifar iska mai tsayin gwiwa, da hoton wata Baturiya a jikin buhunta tana kwance tana murmushi.

"Wannan ta bakin teku ce, ɗana," in ji Si Mabruk. "Iskar cikinta in ta yi sanyi, kamar ka kwanta kan randa ne."

"Si Mabruk, ka taɓa kwana a otel mai hawa tara?"

"Ban taɓa ba."

"To bar zancen kwanciya."

Dattijon ya ga kayan da suka shekara huɗu suna tare masa hanya za su fita da ƙafarsu, sai ya haɗiye sauran nasiharsa, ya sa masa albarka.

Ranar tafiya tantin shi kaɗai ya cika bayan jif ɗin Bahedi, sandunan suka leƙo ta taga. Da ya ga wuri ya ƙare sai ya fara sauke kayan mutane. Ya sauke itacen wuta. Ya sauke barguna shida da agalaman Tekna, fatun tumakin da take shimfiɗawa. Ya sauke har shimfiɗar ƙasan tantin kanta, wadda take a buhu daban, ya ce rairayi ya fi kowace shimfiɗa laushi. Akamuk taubashinsa, wanda zai ɗauki Shennu da Tanna a tasa motar, yana jingine da bango yana cin dabino yana kallo.

"Taubashi, masallaci za mu gina a can?"

"Kai dai in ka zo shiga ka cire takalmi."

"Bargunan fa, laifin me suka yi?"

"Tantin zamani ba ya son bargo. Akwai wani ɗumi da yake riƙewa da kansa. Ba za ka gane ba, sai wanda ya zauna arewa, can Aljas."

Tekna ta matso wurin kayan da aka sauke. Ta tsinci bargo biyu da naɗin asabari ɗaya ta ɗaure a saman motar Akamuk, ta shiga ta zauna.

Da la'asar suka isa, motoci huɗu. Masu kiwo sun riga sun share wurin da ake sauka kowace shekara, wani lungu a gindin dutse inda iska ba ta kaiwa. Bahedi ya auna da ƙafa, ya ga ko rabin tantinsa ba zai shiga ba, sai ya ce wurin ba shi da tsari. Ya hango busasshiyar ƙorama can ƙasa, rairayinta fari sumul, ya ce ga masaukin manya.

Akamuk ya ce, "Nan fa ko akuya ba ta kwana. Sanyi gangarowa yake yi ya taru a kwari, ɗan yaye ma ya san wannan."

"Akuya ba ta da tanti," in ji Bahedi.

Akamuk ya ɗaga kafaɗa, ya bar masa motarsa a nan da makulli a jiki, ya hau gaisawa da masu kiwo. Bahedi ya zazzage buhu. Sanduna arba'in da biyu suka zube, da igiyoyi, da takardar da ya yi alkawari, wadda ta fito da rubutun mutanen Sin. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya cusa a aljihu. Mata suna zaune kan wani falalen dutse suna kallo, hannuwansu na ƙaiƙayi. Matan da ke tsayar da tantin fata kafin ruwan shayi ya tafasa, yau an zaunar da su suna kallon namiji yana kokawa da ƙyalle.

Da abin ya ɗan miƙe sai ga Tanna ta gangaro.

"Uwar ɗakina ta ce a tambaye ka ko mata su sa hannu. Nan maganarta ta tsaya. Ni kuma na ƙara da cewa ƙofar tana sama."

Bahedi ya ɗaga kai. Ƙofar tana sama kuwa, tana kallon Allah.

"Tagar shan iska ce."

"To ta ina tsohuwa za ta shiga, ko tsani ka taho da shi?"

"Ki gaya mata an gode, aikin maza ne."

Ya jira ta juya baya sannan ya rushe komai. A karo na uku tantin ya tsaya, ƙato, shuɗi, bakinsa a buɗe daidai inda iska ke fitowa. Saura turaku. Da ya zazzage su sai ga wasu 'yan ƙarafa sirara kamar tsinken tsire. Ya kafa wannan, wancan ya fito. Ya koma wancan, rairayi ya tofo wannan. Tanna ta ɗaga murya daga kan dutse ta ce a rairayi dutse ake ɗaura wa igiya a binne. Ya ce ba zai binne dutse kamar mai tsafi ba, yana da dabarar injiniyoyi. Ya matso da jif ɗinsa ya ɗaure igiyoyin gefe ɗaya a jikinta, ya matso da motar Akamuk ya ɗaure babbar igiyar ɗaya gefen a ƙarfen bayanta.

Sannan ya juya kan katifa. Ya fito da famfon hura ta, ya tarar da wutar gida yake aiki, a dutsen da ko ashana sai an taho da ita. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya laɓe bayan jif inda ba mai ganinsa, ya sassauta amawalin da ke rufe bakinsa, ya kama hura katifa mai tsayin gwiwa da huhunsa. Ya hura har ya ga duwatsu suna zagayawa. Da ta kai rabi ya ce ai masana ba sa cika ta, ya toshe, ya ja ta cikin tanti ya ajiye kan rairayi tsirara.

Rana ta faɗa bayan dutse, sanyi ya sauko nan take. A lokacin ne ya lura kusurwa ɗaya ta tantin tana ta faɗi-tashi, kuma igiya ta ƙare. Ya waiga ya ga Shennu ta miƙe, mata na biye da ita, maza masu kiwo su ma sun gangaro gaishe ta, sun fi mutum goma sha biyar. Ba lokacin neman igiya. Ya kama jelar rawaninsa, ya ƙulla a zoben kusurwar, ya ja baya har ƙyallen ya miƙe, ya zauna daram a rairayi ya harɗe ƙafa. Mutumin Aljas ya zama turke.

Jama'a suka wuce shi suna shiga. Wani tsoho cikin masu kiwo ya tsaya ya ce, "Ba za ka shigo ba, mai masauki?"

Bahedi ya sunkuyar da kai iya yadda rawanin ya bar shi. "Surukata na ciki, baba."

Tsohon ya jinjina kai ya ce wa na bayansa, "Kun ga ɗan mutunci. Birni bai cire masa kunya ba."

Maganar nan ta yi wa Bahedi daɗi har ya manta wuyansa na ciwo. Ya kasa kunne yana jiran yabon da zai fito daga ciki. Ya ji an ce wa tsohuwa bismillah, ta zauna kan katifa. Ya ji wani ƙara kamar an murza salka. Ya ji Tanna ta ce bari ita ma ta ɗana, sannan ya ji tim, da salati, da wata yarinya da aka toshe wa baki tana dariya.

Tanna ta fito da fitila a hannu.

"Uwar ɗakina ta ce an gode da karamci. Nan maganarta ta tsaya. Ni kuma na ƙara da cewa da na zauna a wannan gefe ta tashi sama a wancan, tsohuwar da rabonta da tsalle tun kafin a haife ka. Kuma katifarka tana huci."

"Numfashi take yi. Haka masu tsada suke."

"Ƙaya ta taka, ɗan gidanmu. Sannan cikin gidan naka ya fi waje sanyi, mutane suna son fitowa su sha ɗumi. Haƙoran uwar matarka suna kaɗawa. Ina itace?"

Nan ido ya raina fata. Itacen yana Tamanrasat, a ƙofar gida. Ya hangi Akamuk yana gangarowa, sai ya ɗaga murya don na ciki su ji yadda yake juya mutane.

"Akamuk, maza ɗauki mota ka je wurin masu kiwo ka ɗebo itace."

"Kai me ya kama ka? Ka zauna kamar an dasa ka."

"Ina duba tsarin iska. Ka tafi, ba na son dogon zance, surukata na jin sanyi."

"Wa ya matsar mini da mota?"

"Taubashi, wuta nake so, ba shari'a ba."

Akamuk ya shiga ya tayar. Kan Bahedi bai gama dawowa daga hurin katifa ba, don haka sai da ya ji motar ta ɗauki hanya sannan abin ya faɗo masa. Ya buɗe baki zai yi kira, igiya ta riga shi. Ta miƙe ƙyam, 'yan turakun suka yi tsalle, igiyoyin da ke jikin jif suka tsinke ɗaya bayan ɗaya. Iska ta shiga ta bakin tantin ta cika shi, ya ɗaga gaba ɗayansa ya wuce ta saman kawunan mutane, ya bi motar Akamuk cikin ƙorama yana zubar da sanduna.

Bai tafi shi kaɗai ba, ya tafi da jelar rawani. Bahedi ya dafe kai da hannu biyu. Rawanin ya fizge shi ya tsayar, ya juya shi sau ɗaya, sau biyu, sau uku, mita shida na ƙyalle yana warwarewa, har ƙarshensa ya suɓuce ya bi tanti. Ya durƙushe a rairayi da askakken kai, kunnuwa a waje, baki a sake.

Tun yana ɗan shekara goma sha takwas da aka naɗa masa rawani, ba wani babba da ya ga bakin nan. Ko shayi ta ƙarƙashin amawali yake kurɓa. Yanzu ga shi taku uku daga surukarsa, wadda ke zaune a fili kan katifar da ta gama sacewa, Tanna kuma ta ɗaga fitila don kada wani ya ce bai gani da kyau ba. Maza suka kawar da kai saboda kunya. Mata ba su kawar ba.

Ya lalubi abin da ya fi kusa ya kifa a kansa. Buhun katifa ne, Baturiyar tana murmushi daidai inda fuskarsa take.

Tanna ta ce, "Gara wannan fuskar."

Dariyar da aka yi har awaki sai da suka amsa daga kan dutse. Tekna kaɗai ba ta yi ba. Ta jira Akamuk ya dawo da baya yana tambayar abin da ke bin sa, ta kwance asabarinta da bargunan nan biyu, mata suka kama tsohuwa suka hau da ita lungun da aka share tun farko. Masu kiwo suka kawo itace. Aka hura wuta, aka janye garwashi gefe, aka rufe wurin da sabon rairayi, aka shimfiɗa bargo a kai, aka kewaye da asabari. Kafin a sha kofin shayi na biyu ƙafafun Shennu sun yi ɗumi. Bahedi a cikin jif ya kwana, da buhunsa.

Da safe ruwan buta ya zama ƙanƙara. Akamuk ya kawo masa rawaninsa, ya yage a wuri uku, ya ce tantin yana rataye a kan farar ƙaya, awaki sun fara duba shi, in yana da wasiyya. Bahedi ya naɗa abin da ya rage, ya hau lungun dutse ya tsaya daga nesa kamar yadda ya kamata, yana jiran Tanna ta taso da saƙo. Ya riga ya shirya bayani: laifin igiyar Sin ne, da iskar da ba a saba gani ba.

Tanna ba ta taso ba. Tana zaune tana kakkaɓe toka daga jikin tagilla, gurasar da aka gasa cikin rairayi.

"Bahedi."

Muryar Shennu ce, da sunansa, a gaban kowa.

"Matso kusa da wuta, yaro. Zauna."

Ya matso ya zauna. Ta gutsuri tagilla ta miƙa masa da hannunta, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Jiya na ga bakinka. Ashe ɗan ƙarami ne. Yadda nake jin labarinsa na ɗauka ya fi haka." Ta kurɓi shayi. "Tunda ba sauran abin ɓoyewa, bari in hutar da Tanna. Da niyyar cewa eh na hau dutsen nan. Tantinka bai dame ni ba, kowa na kuskure. Amma mutum nawa suka gaya maka gaskiya, wa ka saurara? A nan akwai dutse, akwai garwashi, akwai mata, sun gyara ɓarnarka. A can wa zai gyara? Ba zan ba ka 'yata ka kai ta inda in ta yi magana ba mai ji ba. Tana nan wurina."

Ya juya wajen Tekna, ko za ta sa baki. Tana zuba shayi, idonta ya yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne. Ta miƙa masa kofi ba ta dube shi ba, ta ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Na fi ka son tafiyar nan."

Ranar Talata ya hau motar arewa mai zuwa Aljas. Kujera biyu ya kama tun mako guda kafin hawan dutse, ya kuma gaya wa duk mutanen tasha wadda za ta zauna a ta biyun. Direba ya ga wuri ba kowa, sai ya ɗora buhun albasa.